Yadda Kwamfuta Ke Gano Dangantakar Furotin Ta Hanyar Siffarsu

Furotin, sinadarin da ke gudanar da mafi yawan ayyukan jikin mai rai, dogon zare ne da aka jera da ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Zaren yakan naɗe ya ɗauki wata siffa ta musamman, kuma wannan siffa ce ke tabbatar da irin aikin da zai yi.

Himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin a jini da mayogulobin mai adana ta a tsoka sun isa misali. Idan aka gwada jerinsu, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya zo daidai. Amma da John Kendrew da Max Perutz na Kambirij a Ingila suka fito da siffofinsu tsakanin 1958 da 1960, sai aka ga naɗin nasu kusan iri ɗaya ne. Wato jeri yakan sauya a tsawon zamani, siffa kuwa ta daɗe tana nan.

Wannan ne ya sa masana suka dukufa wajen koya wa kwamfuta kwatanta siffofi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora siffa ɗaya a kan ɗaya, a auna matsakaicin tazarar da ta rage. Illarta ita ce, ɗan ɓangare guda da ya karkace yana iya ɓata lissafin baki ɗaya. A 1993 Liisa Holm da Chris Sander suka fito da manhajar DALI, wadda ke auna tazarar da ke tsakanin sassan kowane furotin, sannan ta kwatanta ma'aunan biyu. A 2005 kuma Yang Zhang da Jeffrey Skolnick suka samar da TM-align, mai ba da maki daga 0 zuwa 1. Makin da ya haura 0.5 yakan nuna naɗi iri ɗaya.

Waɗannan manhajoji sun wadatar muddin siffofin ba su da yawa. Lamarin ya sauya a watan Yulin 2022, lokacin da kamfanin DeepMind da Cibiyar EMBL-EBI suka saki siffofi sama da miliyan 200 da manhajar AlphaFold ta yi hasashensu. Bin su ɗaya bayan ɗaya da tsohon salo ya fi ƙarfin kwamfutocin yawancin ɗakunan bincike.

Mafitar da Martin Steinegger da Johannes Söding da abokan aikinsu suka wallafa a 2023, mai suna Foldseek, dabara ce mai ban sha'awa: ta mayar da siffa rubutu. Kowane amino asid ana ba shi ɗaya daga cikin haruffa 20, gwargwadon yadda ya zauna da maƙwabcinsa mafi kusa, sai a binciki jerin haruffan kamar yadda ake neman kalma a littafi. Saurinta ya ninka na DALI da TM-align fiye da sau 10,000, ko da yake abin da take ganowa kashi 86 ne cikin 100 na DALI.

Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce: siffa ɗaya ba ta tabbatar da aiki ɗaya, dole mai neman magani ya koma ɗakin gwaji. A shekarar 2023 ɗin, masana sun yi amfani da Foldseek suka kasa siffofin AlphaFold zuwa rukuni miliyan 2.3, kuma kashi 31 cikin 100 na rukunan babu bayanin aikinsu a rumbunan bayanai.