LABARIN ZANE YA SHIGA MANYAN GIDAJEN NUNI, AMMA GARDAMA BA TA ƘARE BA

Ranar 14 ga watan Janairu na shekara ta 2021, a birnin Faris, wani gidan gwanjo mai suna Artcurial ya saida takarda guda ɗaya a kan kuɗi Yuro miliyan 3 da dubu 175, watau fiye da miliyar 2 na kuɗin sefa. Takardar ba ta kai kamu ɗaya ba, tsawo da faɗi. A kanta an zana wani yaro da karensa sun ɓuya cikin babban tulu, ga wani jan dodo ya taso musu. Mai zanen, Hergé, mutumin ƙasar Beljiyam, ya yi shi a shekara ta 1936 domin ya zama bangon littafinsa na Tintin mai suna Le Lotus bleu, amma kamfanin ɗab'i ya ƙi karɓa sabili da tsadar buga launukansa.

Wannan ciniki ya sake tada wata tsohuwar gardama tsakanin masana a Turai da Amurka. Shin irin waɗannan littattafai, da a da a ke ɗauka abin wasan yara ne, sun cancanci a rataya su a bangon manyan gidajen nuni, kusa da aikin mashahuran masu zane na duniya?

MINE NE LABARIN ZANE?

Labarin zane shi ne abin da Faransawa ke kira bande dessinée. A kan raba shafi gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida da hotonsa, maganar mutanen labarin kuma ta na cikin wata ƴar ƙawanya da ke fitowa daga bakinsu. Mai karatu ya kan bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya na cike abin da ya faru tsakanin wannan hoto da na gaba da hankalinsa.

Masana da yawa su na danganta asalin wannan sana'a ga wani malamin lakkwal na birnin Janeba a ƙasar Suwis, Rodolphe Töpffer, wanda ya buga labarinsa na farko a shekara ta 1833. Tun kafin a buga, babban marubucin Jamus, Goethe, ya ga zane-zanensa ya yaba. Daga baya jaridu su ka rungumi abin, sabili da ya na jawo musu masu saye. Tintin kansa a shafin yara na wata jaridar birnin Burusel ya fara fitowa, ranar 10 ga Janairu 1929.

SHEKARUN RAINI

An daɗe ana yi wa labarin zane kallon abin da ke ɓata tarbiyya, ya kuma hana yara karatun kirki. A Faransa, dokar 16 ga Yuli 1949 ta kafa kwamitin da ke sa ido a kan duk abin da a ke bugawa domin yara. A Amurka, wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi a 1954 inda ya ɗora wa waɗannan mujallu alhakin lalacewar matasa. Majalisar dattawa ta yi zama a kan batun, kamfanoni kuma su ka kafa wa kansu hukumar tacewa a cikin shekarar.

A wannan zamani masu zanen ma ba su ɗauki kansu da wata daraja ba. Da yawa daga cikinsu ba a rubuta sunansu a kan aikinsu. Da zarar an buga mujalla, shafin asali da mai zane ya yi da hannunsa ya kan zama shara: wani a jefar, wani a ba baƙo kyauta, wani ya ruɓe a ɗakin ajiya. Jack Kirby, wanda ya zana wa kamfanin Marvel fiye da shafi 10,000, sai da ya yi doguwar jayayya kafin a maido masa kimanin 2,000 a shekara ta 1987.

YADDA ƘOFA TA BUƊE

Canji ya fara daga Faransa da Beljiyam. Tun 1964 waɗansu marubuta su ka fara kiran labarin zane fasaha ta tara, watau su ka jera shi bayan gini, sassaƙa, zane, kiɗa, silima da sauransu. A 1967 aka yi babban nuni na farko a gidan adana kayan ƙawa na Faris, wanda ke cikin wani sashe na fadar Louvre. A 1974 aka fara bikin labarin zane na garin Angoulême, garin da daga baya ya sami gidan adana shafukan asali. Birnin Burusel ya buɗe nasa gidan a 1989, cikin wani tsohon kantin yadi, kuma a 2009 aka buɗe gida na musamman domin aikin Hergé a garin Louvain-la-Neuve.

Manyan gidaje ma sun bi sahu. Cibiyar Pompidou ta Faris ta yi nunin Hergé a ƙarshen 2006, ta kuma yi wani babban nuni a 2024 wanda ya tattara aikin shekara 60. Gidan tarihi na Biritaniya da ke Landan ya nuna labarin zane na ƙasar Japan a 2019. A 2020 aka zaɓi Catherine Meurisse cikin majalisar manyan masu fasaha ta Faransa, ita ce ta farko daga wannan sana'a. Tun kafin nan, a 1992, Art Spiegelman ya sami kyautar Pulitzer a Amurka sabili da littafinsa Maus, wanda ya ba da labarin wahalar da mahaifinsa ya sha a sansanonin Hitila.

HUJJAR MASU GOYON BAYA

Masu son a shigar da labarin zane gidajen nuni su na cewa duk wanda ya ga shafin asali da idonsa ba ya sake raina sana'ar. Shafin asali ya kan fi wanda aka buga girma. A kansa ana ganin sawun fensir a ƙarƙashin tawada, da wurin da mai zane ya goge ya gyara, da farin fenti da ya rufe kuskure da shi, da ƴar takardar da ya liƙa, da saƙon da ya rubuta wa maɗaba'a a gefe. Duk wannan ya kan ɓace a cikin injin ɗab'i. Gani ya kori ji, in ji su: gwanintar hannun da ke cikin waɗannan shafuka ba ta gaza ta masu zanen da a ke girmamawa ba.

Hujja ta biyu ita ce adanawa. Takarda da tawada ba su jure haske, da laima, da gara. Gidajen nuni ne ke da ɗakuna da ma'aikatan da su ka san yadda a ke tsare su shekaru aru-aru.

HUJJAR MASU JA

Abin mamaki, masu ja da wannan ra'ayi a yau ba maƙiyan labarin zane ba ne. Da yawa daga cikinsu masu sana'ar ne da kansu. Su na cewa an yi labarin zane domin a karanta shi a hannu, a na juya shafi. Littafin Tintin shafi 62 ne, kuma kowane shafi ya dogara ga na bayansa da na gabansa. Gwanin mai zane ya kan ajiye abin tada hankali a gidan ƙarshe na shafi, domin mai karatu ya ƙagauta ya juya. In aka cire shafi ɗaya aka rufe shi da madubi aka rataya a bango, mai kallo zai ga kyan hannu, amma labarin ya tsinke. Tsintsiya sai a ɗaure ta ke shara.

Su na ƙarawa da cewa a wajen mai zanen fenti, abin da ya fito daga hannunsa shi ne aikin. A wajen mai labarin zane kuwa, littafin da aka buga dubu-dubu shi ne aikin, shafin asali mataki ne kawai a kan hanya. Kuma sau da yawa aikin na mutane uku ne ko huɗu: mai tsara labari, mai zane, mai sa launi, mai rubuta maganganu. Bangon gidan nuni ya kan ɗaga mai zane shi kaɗai, ya manta da sauran.

Tun nunin 1967 wannan matsala ta bayyana. Masu shirya shi sun ɗauki hotunan waɗansu gidaje ɗai-ɗai su ka faɗaɗa su, domin su yi kama da manyan zane-zanen da mutane su ka saba gani. A 1990 kuma, gidan nunin fasahar zamani na birnin Niyu Yok ya yi wani nuni inda aka kawo labarin zane a matsayin rijiyar da manyan masu zane su ka ɗebi ruwa. Spiegelman ya soki wannan nuni da kakkausar murya, kuma da zane ya yi sukar.

WA KE CIN RIBA?

A nan ne gardamar ta fi zafi. A 1963 wani mai zane Ba'amurke, Roy Lichtenstein, ya kwaikwayi hoton jirgin yaƙi daga wata mujalla wadda Irv Novick ya zana, ya faɗaɗa shi da fenti, ya sa masa suna Whaam! Gidan nuni na Tate a Landan ya saye shi a 1966. A 2017 aka saida wani zanen Lichtenstein mai irin wannan salo a kan dalar Amurka miliyan 165. Russ Heath, ɗaya daga cikin waɗanda aka kwaikwayi aikinsu, bai sami ko sisi ba, kuma da tsufa ya kama shi sai da wata ƙungiyar agajin masu zane ta tallafa masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko a Faransa, inda aka fi girmama sana'ar, wani bincike da masu ita su ka gudanar, aka bayyana a 2016, ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu labarin zane ba su samun abin da ya kai albashi mafi ƙanƙanta, kashi 36 kuma su na cikin talauci. Miliyoyin gwanjo su na tafiya ne ga aikin mutane ƙalilan, yawancinsu sun riga sun mutu, kuma masu tara kaya da dillalai ne ke cin moriyar. Wata illar ita ce, da farashi ya hau, sai a riƙa saida shafukan littafi guda ɗai-ɗai ga attajirai a ƙasashe dabam-dabam, har ya zama ba mai iya sake tara su wuri ɗaya.

RABON AFIRKA

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan zance. Daga 1966 zuwa 1998 an yi ta buga mujallar Kouakou a Faris ana rabawa ga yaran lakkwal na ƙasashe masu aiki da Faransanci. Chéri Samba na birnin Kinshasa da zanen allunan shaguna da labarin zane ya fara, ya kuma ci gaba da sa rubutu cikin zanensa da Lingala da Faransanci. An nuna aikinsa a Faris a 1989, daga nan manyan gidajen nuni na duniya su ka buɗe masa ƙofa. Littafin Aya de Yopougon, wanda Marguerite Abouet ta Abijan ta tsara, Clément Oubrerie ya zana, ya ci kyauta a Angoulême a 2006. A wannan shekara kuma wani gidan nuni na unguwar Harlem a Niyu Yok ya tattara aikin masu zane na Afirka.

Akwai kuma wani nauyi a kan gidajen nuni. Littafin Tintin a Kongo, wanda ya fito a 1931, ya nuna baƙar fata cikin siffar wulaƙanci irin ta zamanin mulkin mallaka. An kai ƙara a Burusel domin a hana saida shi, kotu ta ƙi a 2012. Gidan da ya rataya aikin Hergé domin a yaba hannunsa, wajibi ne ya gaya wa mai kallo wannan gefen tarihin.

INA MAFITA?

Yau da wuya a sami masanin da zai ce labarin zane bai cancanci shiga gidan nuni ba. Abin da ya rage shi ne yadda za a shigar da shi ba tare da an raba shi da mai karatu ba. Gidajen da su ka fi dacewa su kan jera shafuka da yawa a bi da bi domin labari ya tafi, su ajiye littafin da aka buga kusa da shafin asali, su rubuta sunan duk wanda ya sa hannu, su kuma tanadi ɗakin karatu inda baƙo zai zauna ya juya shafi. Gidan Burusel da na Angoulême duk su na da irin wannan ɗaki.

Wannan tsari ba sabo ba ne ga wanda ya san gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya ke kuma ɗauke da sunan Boubou Hama. A can, bayan kayan da ke cikin madubi, baƙo ya kan tarar da dukawa da maƙera da masaƙa su na aiki a gabansa, ya ga abin da kuma hannun da ya yi shi.

A Nijar, ma'aikatan yaƙi da jahilci, da na kiwon lafiya, da na gona sun daɗe su na aiki da ƙananan littattafai masu zane domin isar da saƙo ga manoma da makiyaya, jaridu kuma su na da masu zanensu. Darasin Turai da Amurka shi ne, abin da aka zubar jiya a matsayin shara shi ne a ke nema yau da miliyoyi. Ya kamata ofisoshi da maɗaba'u da gidajen jaridu su riƙa adana shafukan asali nesa da laima da gara, su rubuta sunan mai zane da shekarar aiki a kan kowanne, su kuma maida wa mai shi kayansa in ya nema.