Wa ke duba likita in ya gaji?

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke haɗuwa da ƙarancin cimaka kafin sabon hatsi ya shigo, ɗakunan yara na asibitocin Tasawa da Mayahi kan cika maƙil. Yaron da ciwonsa ya fi ƙarfin gidan likita na Urafan, Tasawa ake kai shi. Sau da yawa wanda ke tarbarsa da tsakar dare matashin likita ne da bai daɗe da barin jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ba. Ya wuni yana aiki, zai kwana yana aiki, gari ya waye kuma ya tarar da layi.

Irin gajiyar da wannan ke haifarwa, masana sun daɗe da saninta. Wani Ba'amurke, Herbert Freudenberger, ya bayyana ta a shekara ta 1974, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a matsayin matsalar da wurin aiki ke jawowa. Alamunta 3 ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe game da aikin, mutum ya ga ba ya iya abin da ya saba yi. Ta biyun ita ce wadda talaka ke gani. Uwar da aka daka wa tsawa a bakin ƙofa sai ta ce likita ba shi da imani, alhali wataƙila kwana 2 ke nan bai runtsa ba. Ba kowace tsawa ce gajiya ta haifa ba, akwai rashin tarbiyya tsantsa, amma wadda gajiya ta haifa tana da magani.

A Turai da Amurka ana koya wa ɗaliban likita dabarun kwantar da hankali: daidaita numfashi, gane alamun gajiya tun da wuri, zama da abokan aiki a tattauna mutuwar da ta tsaya wa mutum a rai. Wannan na ƙarshe zai yi amfani ƙwarai a ƙasar Hausa, inda aka horar da namiji ya haɗiye damuwa, in ya yi kuka da aiki a ce ya cika raki. Kuma ba ya cin ko dala.

Sai dai wani nazari da Maria Panagioti da abokan aikinta suka fitar a 2017, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa horar da likita shi kaɗai ɗan sauƙi yake kawowa. Gyara tsarin aikin ya fi tasiri. Faransa ta tilasta hutun awa 11 bayan kwanan aiki tun 2002. Amurka ta ƙayyade wa masu neman ƙwarewa awa 80 a mako a 2003.

A Nijar kuwa likita 1 bai kai ga mutum 10.000 ba, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Da gwamnati ta mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, iyaye sun samu sauƙi, marasa lafiya suka ƙaru, amma kuɗin da ya kamata a mayar wa asibitoci ya yi ta makara shekara da shekaru. Likita na rubuta magani yana sane ba shi a ma'ajiya, mahaifin yaro kuma shi yake kallo da fushi, ba baitulmali ba.

Don haka in za a shigar da wannan horo a Maraɗi, a haɗa shi da abin da shugaban asibiti ke iya sa wa hannu: hutu bayan kwanan aiki, ƙarin ma'aikata a watannin zazzaɓi, da babban likita da ƙarami zai iya kira da dare ba tare da jin kunya ba.