Ƙarshen damina: raɓa, yayyafi da girbin hatsi

Manoman Korgom da sauran ƙasar Tasawa da Mayahi, malka ta kusa wucewa. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Idan dare ya yi sanyi, danshin iska yakan sauka bisa ganye ya zama raɓa. Wani lokaci hazo yakan rufe kwari da asuba. Wannan ba hazon hunturu ba ne, domin babu ƙura cikinsa. Da rana ta ɗaga sai ya watse.

Ruwan Satumba ba shi da tabbas. Ana iya yin yayyafi a Korgom, ƙauyen kusa bai samu ɗigo ba.

Hatsin da aka shuka a Yuni yanzu yake nuna. Kada a yanke zangarniya da sassafe tana jiƙe. A shanya ta bisa kara, ba bisa ƙasa ba, saboda gara. Damin da ya shiga rumbu da danshi ruɓewa yake yi, ba ya kai iyali bazara. Kafin a ɗaure, a ciji tsaba: in ta fashe da ƙara, ta bushe.