Yadda A Ke Raya Tsohon Injin Sassaƙar Ƙarfe

Duk wanda ya san birnin Kano ya san Jakara, watau rafin nan da Kasuwar Kurmi ta ke bakinsa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a ke cin wannan kasuwa. Sa'ad da Baturen nan Barth ya zo Kano cikin 1851, ya tarar ana kawo ruwan takubba daga Solingen ta ƙasar Jamus, mutanen gari su yi musu ƙota da kube. Ashe karɓar ƙarfen baƙi a gyara shi ya yi amfani tsohuwar al'ada ce gare mu. Yau kuwa abin ya wuce takubba, ya kai ga injuna na hannu da a ke saukewa daga ƙasashen waje. Ɗaya daga cikinsu mu ke so mu bayyana wa 'yan'uwa, watau ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, domin saurayin da ya san sha'aninsa ya sami sana'a, wanda bai sani ba kuwa ya zubar da jarinsa.

Maƙeri da wuta da masaba ya ke sarrafa ƙarfe. Wannan inji kuwa da sanyinsa ya ke sassaƙa shi, kamar yadda almajiri ke feƙe alƙalami, sai dai a nan ƙarfen ne ke juyawa, wuƙar tana riƙe. Wani Bature na Ingila, Henry Maudslay, shi ya kyautata shi wajen 1800, har ya zama ana yanka zaren kusa da noti daidai wa daida. Ƙananan cikinsu a kan tebur a ke ɗora su. Akwai Myford ML7 da aka fara yi a Ingila cikin 1946, amma yawancin na yanzu daga ƙasar Sin su ke fitowa. Da irinsu a ke gyaran sandar injin markaɗe, da ta injin ban ruwa na manoman fadama, da ƙananan ƙarafan keken ɗinki.

Gaɓoɓinsa manya biyar ne, za mu kira su da sunayen da za a fi ganewa. Akwai gado, wanda kome ke zaune bisansa. Akwai kai, inda sanda ke juyawa da bakin da ke damƙe ƙarfe. Akwai wutsiya, mai tokare ɗaya gefen ƙarfen. Akwai sirdi, mai ɗauke da wuƙa yana tafiya bisa gado. Sa'an nan akwai doguwar kusa mai jan sirdi in za a yanka zare.

To, araha ba ta ado, kada mai saye ya yi cinikin biri a sama. Gado zai fara dubawa, gama shi ne ran inji. Gado ya fi cinyewa kusa da kai, domin nan a ke yawan aiki. Sai a kawo sirdi kusa da kai, a ɗan ɗaure shi kaɗan, kāna a tura shi zuwa wutsiya. In ya tafi sumul, madalla. In ya cije a hanya, gadon ya cinye ke nan, gyaransa kuwa ya kan fi kuɗin injin. Bayan wannan a damƙe wata sanda a baki a girgiza ta. In an ji motsi, boris ya mutu, amma wannan ana iya sake shi. A ƙidaya haƙoran giya kada wani ya karye. A kuma tambayi sauran giyoyin da a ke musanyawa don yanka zare, gama sau da yawa su kan ɓace a hannun dillalai. Daga ƙarshe a karanta rubutun da ke jikin moto. Wutar ƙasarmu ta kai bolt 230, ta Amurka kuwa 120 ce. Wanda ya jona injin Amurka ba tare da taransifoma ba, ya ƙone shi nan take.

In an kawo shi gida, sannu ba ta hana zuwa. A kwance shi gaɓa gaɓa, kowace da kusoshinta cikin gwangwani dabam. A jiƙa su cikin kananzir su kwana, a wanke da burushi. Tsatsar da ke bisa gado da mai da tsumma mai kaushi a ke goge ta. Kada a sa mata magagari ko dutsen wasa, domin abin da aka kankare daga gado ba ya komowa. Sa'an nan a mayar da kome wurinsa, a ɗaure injin bisa tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, gama in gado ya murɗe, ko da kaurin gashi ne, aiki ba zai fita daidai ba. Ga yadda a ke gwadawa. A damƙe sanda mai kauri, tsawonta kamar inci 4, a sassaƙe ta sama sama ba tare da an tokare ta da wutsiya ba, a auna kaurin gindinta da na ƙarshenta. In sun bambanta, sai a cusa fallen gwangwani ƙarƙashin ƙafa ɗaya ta wajen wutsiya, a sake gwadawa, har su daidaita.

Ƙasarmu tana da abokan gāba biyu ga inji. Da damina laima ke kawo tsatsa, balle a kwari irin na Jakara. Da hunturu kuwa ƙura ke sauka. Saboda haka mai a ke shafa wa gado, ba giris ba, domin giris ya kan kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa yana cin ƙarfe. In an tashi aiki a share, a shafa mai, a lulluɓe.

Saura batun kayan aiki, nan kuwa mutane suka fi shan wahala. Ramin da ke cikin wutsiya da kai tsukakke ne, bisa awon da Stephen Morse na Amurka ya tsara cikin 1864, kowane da lambarsa. Myford ML7 lamba 2 gare shi gaba da baya. Yawancin ƙananan na Sin kuwa lamba 3 a kai, lamba 2 a wutsiya. Wanda zai tafi Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa neman abin da zai shiga ramin nan, lalle ya san lambarsa, ko ya tafi da tsohon a hannu. Haka kuma zare iri iri ne. Na Whitworth, wanda aka tsara a Ingila cikin 1841, da inci a ke auna shi, kusurwarsa digiri 55. Na milimita kuwa digiri 60 ne. Notin wannan ba ya hawa kusar wancan, in an tilasta sai a lalata duka biyu. Mai injin inci da ke son yanka zaren milimita sai ya nemi giya mai haƙori 127. Dalili kuwa, inci ɗaya milimita 25.4 ne, in an riɓanya shi sau 5 ya zama 127 cif.

Wuƙa mafi dacewa da ƙaramin inji ita ce ta ƙarfen nan mai jure zafi, wanda Taylor da White na Amurka suka nuna a Faris cikin 1900. Guntunsa ɗaya ya kan yi shekaru ana wasawa. In bai samu ba, da tsohuwar zuma a ke magani. A kai wa maƙeri tsohon magagari, ya gasa shi ya bar shi ya huce cikin toka ya yi laushi, a fitar da siffar wuƙa. Sa'an nan ya sake gasa shi ya yi ja, ya tsoma cikin ruwa, kāna ya ɗan ɗumama shi har bakin ya yi launin karan dawa busasshe. Irin wannan tana yanka ƙwarai, sai dai ba ta son gudu. Ko wace iri ce, tilas tsininta ya tsaya daidai tsakiyar ƙarfen da a ke sassaƙa.

Gudun inji ma da lissafinsa. Ƙarfe mai laushi yana son ya wuce bakin wuƙa mai jure zafi kamar mita 30 cikin minti ɗaya. Sanda mai kaurin milimita 25 kewayenta wajen milimita 79 ne. In an raba 30,000 da 79, an sami juyi 380 a minti. Ga wuƙar magagari kuwa a rage rabi. Ga amfanin lissafin da yara ke ƙi a aji.

Gargaɗinmu na ƙarshe shi ya fi duka. Inji ba shi da tausayi. Kada a kusance shi da babbar riga, ko hannun riga mai faɗi, ko jelar rawani. Kada a bar mabuɗin baki a jikinsa, gama in ya tashi zai jefo shi kamar dutsen majajjawa. A sa tabarau don tsare ido, kada kuma a janye ɓawon ƙarfe da yatsa.

Mu da za mu fita koyarwa, ya kamata mu nuna wa yaranmu cewa karatu da aikin hannu 'yan gida ɗaya ne. Allah ya sa wa sana'armu albarka, amin.