AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Mota Mai Turbo Tana Ɗaukar Zafi, Me Ya Kamata A Sauya Mata?

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito daga wani direba mai sauraronmu a garin Rawayau, ƙaramar hukumar Kurfi ta jihar Katsina. Bayan gaisuwa ya ce: "Ina da mota Sharan mai turbo, ina jigilar fasinja tsakanin Dutsin-Ma da Katsina. Da zarar bazara ta kama sai ta riƙa ɗaukar zafi, har sau biyu ina ƙona gasket, ga shi ban gama biyan kuɗinta ba. Wani makanike ya ce in cire tamostat in haɗa fanka kai tsaye, wani kuma ya ce sai na sayi babban lagireto. Don Allah wanne zan bi?"

AMSA: To Malam direba, mun gode da takardarka, Allah ya kiyaye hanya. Kafin ka sa hannu a aljihu, bari mu fara da abin da ke kawo zafin.

Shi dai turbo wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi rajistar fasaharsa a shekarar 1905. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai cusa iska cikin injin. Iska mai yawa tana ƙona mai mai yawa, sai ƙaramin inji ya yi ƙarfin babba. Farfelar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, hayaƙin da ke korar ta kuwa a motar fetur yakan kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyas. Akwai ɗan'uwansa sufacaja, irin na Marsandin da ake rubuta wa Kompressor a baya, wanda bel ke juyawa maimakon hayaƙi. Duk biyun ƙarin ƙarfi suke bayarwa, ƙarin ƙarfi kuwa ƙarin zafi ne. Ka haɗa wannan da ranar watan Afrilu da Mayu a ƙasar Katsina, da kan wuce digiri 40, ga lodin mutane da buhuna, ka ga ba abin mamaki ba ne allura ta tashi.

Abu na farko, ka lura da lokacin da take ɗaukar zafin, domin motar da kanta za ta gaya maka ciwonta. In tana zafi a tsaye, wato a tasha ko cikin cunkoson kasuwa, amma da ka kama titi sai allurar ta sauka, to laifin fanka ne, ko abin da ke tada ita, ko kuma murfin robar da ke kewaye da ita ya karye. In kuwa lafiya lau take a tsaye, sai an yi lodi an miƙa hanya take tashi, to ruwa ne ko iska ba sa ratsa lagireto yadda ya kamata. A nan fanka ba ta da laifi, don mota in tana gudu iskar hanya ta fi ta fanka.

Saboda haka shawarar haɗa fanka kai tsaye ba magani ba ce. Za ta dai cinye batir, ta kuma tsufa da wuri. Batun cire tamostat kuwa, wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa in ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 90. A tsakiyar rana cikin bazara ai a buɗe take tuntuni, cire ta ba zai ƙara wa lagireto girma ba. Bugu da ƙari, a injuna da yawa ita ce ke toshe wata 'yar gajeriyar hanyar ruwa, in babu ita sai wani ruwan ya riƙa zagayawa cikin inji bai leƙa lagireto ba. Da sanyin hunturu kuma injin ba zai ɗumama da wuri ba, sai shan mai da cin ƙarfe. In ta lalace, a sayi sabuwa.

Yanzu ga yadda za ka kashe kuɗinka, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na ɗaya, wanki. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari suna toshe haƙarƙarin lagireto daga waje. A gabansa kuma akwai na iyakwandishan, datti kan taru a tsakaninsu inda ido ba ya gani. A kwance su a wanke daga baya zuwa gaba.

Na biyu, murfin ruwa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana matse shi har ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu ya isa ya sa mota amai, alhali kuɗinsa kaɗan ne.

Na uku, ruwan kansa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri-gishiri da tsatsa a cikin bututun lagireto. A wanke cikin, a zuba kulan mai kyau irin wanda aka rubuta wa motar, a gauraya da tataccen ruwa. A kula, akwai ruwa mai launi kawai da ake sayarwa da sunan kulan. Araha ba ta ado.

Na huɗu, famfon ruwa. A wasu motocin farfelarsa ta roba ce, takan tsage ta daina tura ruwa ba tare da ɗigo ko ƙara ba.

Sai an gama waɗannan, in har zafi bai tafi ba, sannan a yi maganar babban lagireto. A nan makanikenka na biyu yana da gaskiya, amma da sharaɗi: ya zama sabo ne, mai kauri ko layi biyu, wanda ya zauna daidai mazauninsa, fanka da murfinta suka hau kansa. Tsohon da za ka ɗauko a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, komai girmansa, in cikinsa a toshe yake ka sayi wahala da kuɗinka.

Akwai abubuwa biyu da mai turbo kaɗai suka shafa. Na farko intakula, wani ɗan lagireto ne da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa, domin matsar takan sa ta wuce digiri 100. A tsabtace shi, a duba robobinsa kada su yi yoyo. Amma kada a ruɗe ka da ƙaton intakula, in aka kafa shi gaban lagireto zai tare masa iska. Na biyu baƙin mai, shi ke shafe turbo yana kuma kwashe masa zafi. Ka sa mai kyau, ka yi juye kan lokaci, in ka zo daga doguwar tafiya ka bar ta a kunne minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.

Wani hanzari ba gudu ba. Tunda ka ƙona gasket sau biyu, a kai kan silinda wurin masu injin gogewa su auna ko ya lanƙwashe ko ya tsage. In ya lanƙwashe, hayaƙi zai riƙa shiga cikin ruwa, ko lagireton tirela ka sa ba za ta daina zafi ba.

Daga ƙarshe, in allura ta kai ja a hanya, ka sauka gefe ka kashe, ko fasinja na gunaguni. Kada ka buɗe murfi da zafinsa, mutane da yawa sun ƙone fuska ta haka, kada kuma ka sheƙa wa inji ruwan sanyi. Sannan Malam direba, a riƙa tausaya mata wajen lodi, kujera bakwai aka yi mata.

Da fatan ka gamsu. Allah ya ba ka ikon biyan bashinka, a gaida mana mutanen Rawayau da Kurfi baki ɗaya.