Ciwon Sukari na Masu Juna Biyu

Daga cikin cututtukan da kan sami mace a lokacin da take da juna biyu akwai wani irin ciwon sukari wanda cikin ne ke kawo shi. Abin da ya sa ya zama abin tsoro shi ne sau da yawa ba ya nuna wata alama. Mace tana iya yin wata da watanni da shi tana jin kanta garau, alhali kuwa yana yi mata ɓarna, ita da abin da ke cikinta.

Mafarinsa

Jikin ɗan Adam yana yin wani sinadari mai suna insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukari daga jini zuwa tsoka da sauran sassan jiki. Yayin da ciki ya tsufa, mabiyiya takan fitar da waɗansu sinadarai masu rage ƙarfin insulin. In jikin mace ya kasa ƙara yawansa, sai sukari ya taru a jini. An fi samun wannan ga mai ƙiba, da wadda ta haura shekara 35, da wadda ake da ciwon sukari a danginta, da kuma wadda ta taɓa haihuwar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye.

Illarsa

Sukarin da ya yi wa uwa yawa yakan ratsa zuwa ga ɗan tayi, har ya yi girman da ya wuce kima. Daga nan ake samun doguwar naƙuda, ko kafaɗar jariri ta maƙale, ko kuma tilas a yi wa mace aiki. Bayan haihuwa sukarin jinin jariri yana iya faɗuwa ƙwarai, ko shawara ta kama shi. Ita kuma uwa ta fi zama cikin haɗarin hawan jini da jijjiga.

Yadda ake gane shi

Awon jini ne ke tabbatar da shi, na fitsari kaɗai bai isa ba. Akan yi wannan awo tsakanin mako 24 da mako 28 na ciki. Mace za ta kwana ba ta ci kome ba, da safe a ɗebi jininta, a ba ta ruwa mai giram 75 na sukari ta sha, sa'an nan a sake ɗiba bayan awa 1 da awa 2. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 aƙalla, na fari cikin mako 12 na farkon ciki.

Abin yi

Wadda aka samu da ciwon kada ta firgita. Ta bar lemon kwalba, ta rage sukari a shayi da koko da kunu. Ta riƙa cin tuwo ko shinkafa kaɗan kaɗan, ta yawaita wake, kifi, ƙwai, zogale da alayyafo. Tattaki na minti 30 kullum yana taimakawa, in likita ya yarda. In wannan bai wadatar ba, sai a ba ta ƙwaya ko allurar insulin. Kafin ta ɗauki azumi, lalle ta nemi shawarar likita.

Galibi ciwon yakan tafi bayan haihuwa. Duk da haka wajibi ne a sake awon jini bayan an yi arba'in, domin yana iya dawowa nan gaba ya zauna.

Ana kira ga magidanta su bar iyalinsu su je awon ciki a kan kari, su kuma tanadi kuɗin mota da na awo tun da wuri.