Finafinan Leƙen Asiri Na Yaƙin Hitila: Ashe Duk Maganar Kaya Ce

Waɗanda suka taso da mu a unguwar Cacavéli da sauran zangon Lome ba za su manta da gidajen bidiyo ba, inda muke cunkushewa a kan benci muna kallon finafinan yaƙin Hitila da aka juya zuwa Faransanci. A lokacin harbe-harbe kawai muke jira. Sai da muka girma, muka zauna da 'yan kasuwa da direbobi, muka gane ashe labarin duk na kaya ne da hanyar da za su bi.

Ɗauki The Heroes of Telemark na 1965, wanda Kirk Douglas ya fito a ciki. Labarin ya faru da gaske. Jamusawa sun mamaye ƙasar Norwe, suka riƙe masana'antar Vemork mai yin ruwa mai nauyi, wato wani irin ruwa da ake buƙata wajen binciken bam ɗin nukiliya. A ƙarshen Fabrairun 1943 'yan Norwe tara suka sulale cikin dare suka fasa injinan, ba tare da harba harsashi ko ɗaya ba. Harbin da muka yi ta yi wa tafi, ƙarin gishirin masu fim ne. Da Jamusawa suka ɗora sauran ruwan a jirgin fito mai suna Hydro don kai shi gida, sai aka dasa masa bam ya nitse ran 20 ga Fabrairun 1944. Mutum 18 suka mutu, 14 daga cikinsu 'yan Norwe ne, matafiya da ma'aikatan jirgi. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai, domin mu ma mun san shiga mota ba tare da sanin abin da aka loda a ƙasa ba.

Tun 1946 ma Hitchcock ya yi fim ɗin Notorious, inda 'yan Nazi suka ɓoye yuraniyom cikin kwalaben giya.

To, yuraniyom ba baƙo ba ne a wajenmu. A da, shekaru da dama na Arlit ta Parakou ya riƙa bi zuwa tashar Kwatano. Idan ba a manta ba, an taɓa fito da wasu takardu da ke cewa Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500. Amurka ta tura tsohon jakada Joseph Wilson Yamai a Fabrairun 2002, ya koma ya ce da wuya hakan ta faru. A Maris ɗin 2003 Muhammad El-Baradei na hukumar nukiliya ta duniya ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Ɗaya ma tana ɗauke da sunan ministan da ya bar kujera tun 1989. Ƙaramin ma'aikacin duwan a Cinkassé da ya kama wannan. Duk da haka kafin watan ya ƙare aka auka wa Iraƙi.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar Nijar da Benin ta rufe, kayan Yamai da yawa suka dawo tashar Lome, su bi ta Burkina. Direbobin da ke kwana a zangonmu suna jiran lodi su ne ke ɗaukar su.